Katin Idon Malam

Daura,
9 ga Satumba, 2019

Zuwa ga Malam Sada, Baure.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta Malam, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da ƙanwarka Hajiya Siddiƙa da duk mutanen Baure, ɗalibinka ne Hafizu. Kwana huɗu ke nan ina kiran wayarka ina jin ta a kashe, shi ya sa na ba direban motar Baure wannan takarda. Na buga ta da manyan baƙaƙe don ta yi sauƙin karantawa.

Malam, tun ranar Alhamis da ka fita daga ofis ba sallama, aiki ya tsaya cik. Saura sati uku mu kai manhajar rajistar shanu gaban dillalan kasuwar Mai'adua. Ka fi kowa sanin shugabansu Alhaji Kalilu ba zai zauna ya saurari yara shida da kwamfuta ba in ba kai ne a gaba ba. Kai ka yi musu sakatare shekara goma bayan ka bar hedimasta, kai suka sani.

Ina neman izini in sake bayani, don ina ganin ba a fahimce ni ba. Tsarin nan na Ajayil da na koyo a kwas, ba don a wulaƙanta kowa aka yi shi ba. Babban aiki ake yankawa ƙanana-ƙanana, a rubuta kowane yanki a kati, a manna a allo mai layi uku: Za a yi, Ana yi, An gama. Kowace safiya a tsaya minti goma sha biyar, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da wanda zai yi yau, da abin da ya tare masa hanya. Duk bayan sati biyu kuma a yi taron waiwaye, a faɗi abin da ya ɓaci don a gyara tun da wuri. A nan ba a neman mai laifi, matsala ake nema.

Da yake na san duk yaran nan sun bi ta hannunka a firamare, ba mai iya buɗe baki a gabanka, sai na ce kowa ya rubuta nasa ba suna. Na kuma san ka san rubutun kowannenmu, shi ya sa na sa 'yarka Khairunnisa ta tattara takardun, ta kwafe su duka da hannunta, ta ƙona na asali. Duk don a kare mutuncin kowa na yi haka.

Katinka na nuna wa dillalai manhajar a waya don a ji ra'ayinsu ya yi sati biyar a layin Ana yi. Kullum da safe in an zo kanka sai ka ce alhamdulillahi, ba abin da ya tare ka. Sai ga takarda ɗaya ta ce: "Katin Malam bai motsa ba ne saboda ba ya ganin rubutun waya. A taimaka masa." Na karanta ta na manna a bango kamar yadda na yi wa sauran. Ƙa'ida ce duk matsalar da aka gano a mayar da ita kati a ba wani ya bi ta. Dalilin da ya sa ke nan na rubuta "Idon Malam" na manna a allo, na sa sunan abokin aikinmu Zailani a ƙasa don ya nemo ranar ganin likita. Wallahi taimako na yi nufi.

Don Allah Malam ka yi haƙuri ka dawo. Ka huta lafiya.

Ɗalibinka,
Hafizu

*

Baure,
11 ga Satumba

Hafizu,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa, takardarka ta iso, da baƙaƙenta ɓaro-ɓaro kamar sanarwar ɓatan akuya. Ambulan ɗin ma ba ka liƙe ba. Direban ya miƙo mini ita yana cewa, "Sannu Malam, ya ƙarfin idon?" Madalla da kai. Yanzu tashar Baure ma ta shiga taron waiwaye.

Ka ce ba a fahimce ka ba. Kai, Hafizu! Shekara talatin da ɗaya ina koyarwa, allo mai layi uku ne zai gagare ni? Na fahimta sarai. Kai ne ba ka fahimci a inda kake tsaye ba.

Na tsaya maka kowace safiya, ni mai shekara sittin da takwas, kamar wanda ya makara asambuli. Gwiwata na ƙara, ban ce uffan ba. Ka yanka mini aikin da na ƙware a kai ka mayar da shi 'yar takarda mai ruwan ɗorawa, na haɗiye. To amma tambayar nan taka ta kowace safiya, wai me ya tare ni. A gaban wa? A gaban yaran da na share wa majina? Faɗa mini, wane dattijo ne a ƙasar Daura za a ce masa ina gajiya, ya ce akwai? Ko ƙafarsa na zubar da jini, ba gajiya zai ce. Wanda ke son sanin gaskiya ya san hanyar da ake bi. Da ka biyo ni bayan La'asar, ka bari mutane sun ragu, ka rage murya ka ce, "Malam, lafiya katin nan ya daɗe?" wallahi da na faɗa maka. Sati biyar kana da wannan dama. Sai ka gwammace ka riƙa kallon allo kana taɓe baki.

Tunda an riga an tona, bari in ƙarasa maka da bakina. E, idona ya yi yana, shekara guda ke nan. Rubutun takarda in ya yi girma ina gani da rana. Na waya kuwa, tururuwa ce a cikin koko. Sau uku ina zuwa wurin Alhaji Kalilu da wayar a aljihu, mu gaisa, mu sha fura, in taso ban fito da ita ba. Mutumin da na shekara goma ina karanta wa takardu, ni zan tsaya a gabansa ina laluben gilashi da yatsa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa? Na ce bari in lallaɓa har kaka ta wuce in je a duba ni a ɓoye, ba wanda ya ji.

Sai kai ka ɗauki idona ka manna a bango, tsakanin "Sayo man janareto" da "Gyara firinta". Har da sunan mai bi! Da ban fita ba, na san da kun ɗaga yatsu kun auna nauyinsa kamar yadda kuke wa kowane kati, wannan ya ce uku, wancan ya ce biyar. Wai ba a neman mai laifi. To ai da laifi kuka ɗora mini da ya fi mini sauƙi. Laifi ana musunsa. Tausayin yara shida kuwa, ina zan kai shi?

Ka tuna dalilin da ya sa na karɓi aikinka tun farko. Uwata Khairunnisa ta gama karatun kwamfuta, ofishinka duk maza, garin nan kuma ka san bakinsa. Na ce in ubanta na zaune a wurin, ba ɗan hisba ba ɗan gulma da zai ce kanzil. Don ita na tsaya maka, ba don Ajayil ɗinka ba. Sai ga shi ita ka ba wa alƙalami. Hannun da na kama na koya wa riƙe fensir, shi ka sa ya rubuta asirina a bango. Wannan ita ce dabarar taka ta kare mutunci.

Raina ya ɓaci, Hafizu, ɓacin da ban taɓa yi da wani ɗalibi ba. Abu ɗaya nake so: sunan wanda ya fara rubuta takardar nan kafin a kwafe. Ba zan sake zama ɗaki ɗaya da mai leƙen idona ban san shi ba. Kafin nan, ina nan ina duba yankan gero. Shi bai taɓa tambayata me ya tare ni ba.

Wassalam.
Sada

*

Daura,
14 ga Satumba

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Baba, ina gaishe ka da ladabi, ina fatan ka tashi lafiya. A gaishe mini da Gwaggo Siddiƙa. Na sa alƙalami mai kauri, na kuma liƙe ambulan da kaina.

Baba ka tafi ka bar maganinka na hawan jini a kan taga. Ga shi nan na ɗaure a leda tare da carbinka na gida da hular sanyi. Ƙwaya ɗaya da safe, don Allah kada ka ce sai ka ji jiri.

Gidan ya yi mini girma. Rediyonka na nan inda ka bar shi, ba mai kunnawa. In na dawo daga ofis sai in tsaya a ƙofar ɗakinka in yi sallama, sai na ji shiru nake tunawa. Tun rasuwar Inna ba mu taɓa yin kwana tara ban kawo maka ruwan alwala ba.

Ranar nan da ka tashi, ka wuce ta gabana ko kallona ba ka yi ba. Na san hannuna ka gani a bango. Ban da bakin kare kaina. Ya kamata da na zo kan takardar nan in tsaya, ban tsaya ba. Ka yafe mini, Baba.

Na yi tambaya a kan yanar ido ba tare da na ambaci suna ba. An ce aiki ne na ɗan lokaci, mutum ya kwana ɗaya ya koma gida, da yawa har karatun Alƙur'ani suke komawa yi ba tabarau. Ni zan raka ka, ba sai kowa ya sani ba.

Ka dawo gida, ko ba za ka koma ofis ba.

'Yarka,
Khairunnisa

*

Baure,
16 ga Satumba

Uwata,

Wa alaikis salam. Saƙo ya iso, Allah ya yi miki albarka. Maganin ina sha, Gwaggonki ta tsaya a kaina kamar 'yar sanda. Hular kuwa ba a fara sanyi ba, amma na gode.

"Ba sai kowa ya sani ba." Kin ba ni dariya, dariyar da ba daɗi. Wa ya rage?

Ki saurare ni da kyau, don ba zan maimaita ba. Kwafa aka sa ki, kin kwafa. Ke ma'aikaciya ce, shugabanki ya ba ki umarni. Wannan zan iya haɗiye shi in na sha ruwa. Amma kin ga takardun asali kafin ki ƙona su, kin kuwa san hannun kowa a ofishin nan kamar yadda na sani. Ki ba ni suna.

Kada ki ce mini amana ce. Amanar Hafizu ta wata uku ce, tawa ta shekara ashirin da shida.

Ko Zailani ne? Na taɓa kama shi yana kallona ranar da na riƙe wayar a juye. Dama tun yana aji uku idonsa ba ya zama a littafinsa. In shi ne, ba sai kin yi dogon rubutu ba, ki sa "e" kawai a takarda ki ba direba. Ba zan yi masa komai ba, ko a fuska ba zai gani ba. Duk sunan da kika ba ni zan karɓa daga hannunki, ba zan bincika ba, ba zan sake tayar da maganar ba har in mutu. Kin ji abin da na ce? Duk sunan da kika ba ni.

Ranar da ya iso, washegari ina gida.

Babanki

*

18 ga Satumba

Yaya Hafizu,

Sallama. Na sa maka wannan a cikin jakar kwamfutarka don ba zan iya faɗinta a tsaye a gaban mutane ba, ko da yake a wurinka komai a tsaye ake faɗa.

Baba ya ce in ba shi suna. Har ya miƙo mini Zailani, bawan Allah da bai ji ba bai gani ba. Ba ni da sunan da zan ba shi, don takardar nan ba ta da ta asali. Ni na rubuta ta.

Tun bara nake karanta masa saƙonnin waya a ɗakinsa, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce mini, "Uwata, wannan tsakanina da ke." Na ce to. Sai aka wayi gari sati biyar ina kallonsa tsaye yana cewa alhamdulillahi, ku kuna haɗa ido. Ranar Talatar nan kafin taron waiwaye, da ya fita alwala, da kunnena na ji ana cewa tsoho ya cika nawa, a nemi hanyar da za a sallame shi cikin mutunci. Kana wurin, Yaya, amma ba ka hana ba. Na gwammace a san ba ya gani da a ce Malam Sada rago ne.

Na ɗauka in ka zo kan takardar za ka ninke ta ka sa a aljihu, ka same shi a keɓe. Kai ɗan Daura ne. A gidanmu ka yi ta cin tuwo lokacin da kake sakandare. Sai ka gyara murya ka karanta ta tiryan-tiryan kamar mai sanarwa a rediyo, ka ɗauko alƙalami kana neman kati. Ina ta yi maka ido, kai allo kake kallo.

Amma ba zan ɗora maka duka ba. Wata uku kana cusa mana cewa abin da aka ɓoye shi ke kashe aiki, matsala ba ta mutum ba ce, ta tsari ce. Na yarda da kai har zuciyata, wautata ke nan. Ga tsarin nan lafiya lau a bango. Ubana ne a Baure.

Ban san abin da zan rubuta masa ba. Kada ka tambaye ni gobe me ya tare ni.

Khairunnisa

*

Daura,
19 ga Satumba

Zuwa ga Malam Sada.

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina gaisuwa, gwiwa biyu a ƙasa. Wannan da hannuna na rubuta, na kuma liƙe.

Malam ka daina matsa wa Khairunnisa, amana ce ta riƙe. Ni ne na rubuta takardar. Na lura ne wata rana da ka miƙa mata waya ka ce ta duba maka lamba. Maimakon in zo in same ka kamar yadda ɗa ke samun uba, sai na ɓuya a bayan takarda mara suna, na kuma sa 'yarka ta kwafe don kada ka gane hannuna. Rashin kunya ne da rashin tarbiyya, ba kai ka koya mini su ba.

Katin na cire shi na yaga. Na sa an kawo kujera mai hannu. Taron safe kai a zaune za ka riƙa yi, tambaya ta uku kuma ba mai sake yi maka ita.

Duk hukuncin da ka yanke na ɗauka. Ina roƙon gafara don Allah.

Ɗalibinka mai laifi,
Hafizu

*

Baure,
22 ga Satumba

Hafizu,

Wa alaikumus salam. To. Na ji.

Dama wa zai yi in ba kai ba? Tun kana aji huɗu kai ne mai ɗaga hannu ka ce, "Malam, ka yi kuskure a allo." Har yau ba ka bar allo ya huta ba. Na yafe, amma kunnenka sai ya sha ja, ko gemunka ya kai cibiya.

Kujerarka ka riƙe abarka, ban gurgunce ba. Zan shigo Daura ranar Asabar, Lahadi mu yi sammakon Mai'adua. Kai ka riƙe wayar kana latsawa, ni in yi magana. Kada ka kuskura ka ce wa Alhaji Kalilu Ajayil, zai ɗauka sunan maganin tsutsar shanu ne.

Ga ƙullin sabon gero nan na ba direba, na Uwata ne, ta yi mana fura. Ka ce mata ta shanya katifata. Ka kuma ce mata hankalina ya kwanta. Na san ko duk duniya za ta tona ni, ban da ita.

Sai na zo.
Sada

*

Daura,
24 ga Satumba

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, Baba, ina gaishe da Gwaggo.

Yaya Hafizu ya kawo mini geron, ya kuma nuna mini takardarka yana murna, wai shi ke nan an gama. Na shanya katifar. Na share ɗakin, na goge rediyon. Geron kuwa na kasa ko kwance shi. Layin nan naka na ƙarshe na karanta shi ya fi sau goma.

Yau da safe da aka zo kaina a taron tsaye, sai na ji na ce alhamdulillahi, ba abin da ya tare ni. Muryarka na ji a bakina, Baba. Sai yau na san abin da ka yi sati biyar kana ji.

Ba Yaya Hafizu ba ne. Ƙarya ya yi maka don ya cece ni. Ba Zailani ba ne kuma. Ni ce. Ba wanda ya ba ni, ba wanda ya sa ni. Ka ce tsakanina da kai, na ɗauka na kai bango.

Na ji ana shirin sallamarka ana cewa ka cika nawa, zuciyata ta kasa ɗauka. Na ce in sun san dalili za su ji kunya, su taimake ka. Ban yi tunanin za a karanta a fili ba, amma wannan ba hujja ba ce, don ni ma na san ƙa'idar taron. Gaskiyar ita ce na gaji da ɗaukar abin ni kaɗai. Na gaji da ganin kana laluben takalminka a ƙofar masallaci kana cewa wani ne ya gusar da shi. Na yi ta roƙonka mu je asibiti kana cewa sai bayan kaka. Na so a tilasta maka, tunda ni ban isa ba.

Ka tuna ranar da na fasa tulun Inna na ce kaza ce? Ka ce ba don tulun ka dake ni ba. Tun daga ranar ban sake yi maka ƙarya ba sai a wannan wata. Ba zan iya tarbarka a ƙofa ranar Asabar, in karɓi jakarka, kana sa mini albarka a kan abin da ba haka yake ba. Ba zan iya dama maka furar nan ba. Kuma Yaya Hafizu zai ci gaba da sunkuyar da kai a gabanka saboda laifina, har yaushe?

Ka yi mini faɗa, ka dake ni in ka ga dama, ka hana ni aikin ma, na yarda. Amma ka yi a gida. Ina tsoro, Baba. Ka yafe mini don girman Allah.

'Yarka mai laifi,
Khairunnisa

*

Baure,
27 ga Satumba

Zuwa ga Malama Khairunnisa, ofishin Hafizu, Daura.

Wa alaikis salam. Takardarki ta same ni jakata a ɗaure.

Kin manta, da ƙaramin biro kika rubuta ta. Ke da kika sanar da jama'a ba na ganin ƙananan baƙaƙe. Na fita rana na juya ta, na sake juyawa, na kasa. Gwaggonki ce ta karanta mini a tsakar gida, tana yi tana tsayawa tana kallona.

Tun ranar Alhamis ɗin na sani. Mutum ɗaya na faɗa wa a duniya, idona ne ya yi yana, ba hankalina ba. Suna na roƙe ki, kowane suna, don in samu abin da zan taka in dawo gida. Hafizu ya gane. Ya yi mini ƙarya, na karɓa hannu biyu, ita ce tarbiyya ta farko da na gani a wurinsa tun da ya dawo daga kwas. Da ni kaɗai na karanta taki, da na ce idona bai gani ba, in hau mota gobe. Yanzu akwai shaida.

Gaskiya kika faɗa, har sau biyu. Ni na koya miki, ba zan ce kin yi laifi ba. Ban yi miki baki ba, Allah ya yi miki albarka. Amma sau biyu na nemi ki rufa mini asiri.

Na kwance jakar. Na aika wa Alhaji Kalilu ya saurare ku ranar Lahadi, zai saurara. Ki ci gaba da aikinki. Katifar ki mayar ɗaki kada raɓa ta taɓa ta.

Katina na dillalai yana nan a tsakiyar allo. Na san ba ku son abu ya daɗe a wurin. Ki cire shi da hannunki, ki mayar da shi layin An gama.

Wassalam.
Sada